Kwasa Shida

Da hantsi suka zo, ina tankaɗe,
garin masara har gwiwar hannu.
'Yar sandar ta ce, "Ke ce Lantana uwar adashe?"
Na ce ni ce. Ta ce, "Ɗauko mayafi."
Ba ankwa, ba mari, kada in yi wa hukuma ƙage.
Idanun Jekadafari ne suka ɗaure ni
tun daga zaure har bakin kwalta.
Kuɗin Keken ma ni na biya.

Shekara goma sha ɗaya littafin yana hannuna,
mai shuɗin bango, irin na 'yan firamare.
Mata ashirin da biyu, dubu biyar-biyar duk Juma'a,
ko kwabo bai taɓa ciwon kai ba,
sai da ƙodar Bappah ta tsaya.
Injin wankin ƙoda bai san "Allah ya sawwaƙe" ba,
sau biyu a mako yake buɗe baki.
Na ce aro ne.
Na rantse wa kaina aro ne.
Kwasar Dija na fara taɓawa,
na toshe ramin da ta Adda Yelwa,
na Yelwa na toshe da 'yan kunnena,
rami yana haifar rami,
har ranar da maza suka fita da ɗana a kafaɗa
suka haƙa wanda ba ya toshuwa.

Kwana biyu a bayan kanta.
Sauro, zarni, da wata 'yar aiki
da aka ce ta ɗauki wayar uwar ɗakinta.
Ta yi kuka har ta gaji, ta yi matashi da cinyata.
Ban tambayi sunanta ba.

A kotu fanka tana juyi, ba iska.
Aka karanto da Turanci, tafinta ya juye:
cin amana, naira dubu ɗari shida da sittin.
Lauyan agaji ya raɗa mini, "Ki musa."
Na waiga benci na uku.
Ga Dija can, wadda take tarin kuɗin firiza,
wadda ta dama mana kunu ran sadakar uku.
Ba ta dube ni ba, bakin hijabinta take murzawa.
Na ce, "Na ci."
Tafinta ya ce, "Kin gane abin da aka tambaye ki?"
Na ce, "Na gane. In ban ci ba, wa ya ci?
Mamaci zan ɗora wa?"

Alƙali ya zare tabarau, ya daɗe yana duban kalanda,
kamar ranar ce mai laifin.
Sha bakwai ga wata, in ji shi.

Mu tara ne a ɗakin mata.
Na iya gabza yanzu, na iya barci da fitila a kunne.
Madam Rifkatu, gandurobarmu, ta ce wata shida ne ko tara,
wata ta ce shekara biyu, an yi wa yayarta.
Kowa alƙali ne a nan in dare ya yi.
Ni dai lissafi ne ya ƙi sakina:
Dija, Yelwa, Kulu mai awara,
Maman Tani, Goggo Dudu, Asma'u ta bayan masallaci.
Da sunayensu nake jan carbin da aka karɓe a ƙofa.

Shekaranjiya matan ɗakin suka haɗa zubi,
ƙwayar sukari bibbiyu, mai kwasa ta sha shayi kamar a gida.
Suka ce ni zan riƙe.
Na ce, "Kun san abin da ya kawo ni?"
Suka ce, "Mun sani. Ke kika iya ƙirga."

Yana nan ƙulle a bakin zanena, sha takwas cif.
Na ƙirga da magariba, na sake da asuba.
Gobe sha bakwai.
Kafin motar kotu ta zo
zan damƙa wa mai kwasa abinta, a gaban kowa.